Ruwan Waɗanda Ke Ƙarƙashin Daɓe

Allo na farko

Zuwa ga ƙanena Ibni-Eya, ma'aunin ruwa na sarki a birnin Kish. Kai mai karanta wannan allo, ka faɗa masa ga abin da yayarsa Narubtum ta ce daga garin Marusa.

Shamash da Uwargijiya Nanaya su raya ka, su raya matarka da yaranka. Ina fata giyar Kish ba ta mantar da kai hanyar gida ba.

Wata huɗu ke nan ranar ɓatan wata tana zuwa tana wucewa, magajin gidan Ubarrum bai zo ya zuba wa iyayensa ruwa ba. Ni nake yi. Ina gasa gurasar sha'ir in ajiye a bakin bututun da ya sauka inda suke kwance, ƙarƙashin daɓen ɗakin baya. In zuba ruwan sanyi, in kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ko suna karɓa daga hannun mace, oho. Ba su dai maido mini da shi ba.

Ba wannan ya sa na tashi tsoho Lu-Utu magatakarda ya kwaɓa laka ba. Kogi ne. Reshen Furatu da ke shayar da mu ya janye, kuma ba janyewar rani da ka sani ba. Kwale-kwale suna kwance a taɓo kamar matattun shanu. Kifi ya yi kwana goma yana wari, yanzu warin ma ya tafi. Gonarmu ta yi fari fat da gishiri.

Shekaranjiya aka fitar da Uwargijiya daga ɗakinta. Ka san ba ta taɓa fita sai a jirginta, da kiɗa da turare. Wannan karon a amalanken shanu aka ɗora ta, aka rufe ta da tabarma kamar kayan albasa. Matar mai tuƙa jirgin ta tare babban mai hidima a bakin ƙofar gari, ta ce, "Ranka ya daɗe, in ta tafi, mu wa za mu kira?"

Ya ce, "Ba mu muka ɗauke ta ba, baiwar Uwargijiya. Ita ta yi fushi ta tashi, mu rakiya kawai muke."

Ta ce, "To fushin nata har da randunan mai da tumakin ɗakin bauta?"

Ba wanda ya yi dariya sai Lu-Utu.

Masu duba sun yanka rago sun karanta hanta. Sun ce wani a garin nan ya yi abin da ya ɓata wa alloli rai. Yanzu kowa yana kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido.

Rijiyar gida ta fara ɗanɗanon gishiri. Ba zan ba Baba wannan ba. Kana wurin ranar da zazzaɓi ya ɗauke shi, ka ji ruwan sanyin da yake roƙo har ransa ya fita. Kai aikinka auna ruwa, to ka faɗa mini yaushe kogin zai dawo. Ka zo, ko ka aiko da amsa ta hannun Ahushina mai jakuna. Ka zauna lafiya.

Ni Lu-Utu na ƙara wannan daga bakina: ta faɗi wasu kalmomi a kan matarka da ban ga amfanin ɓata laka a kansu ba. Ina gaishe ka.

Allo na biyu

Zuwa ga Yaya Narubtum. A faɗa mata ga abin da ƙanenta Ibni-Eya ya ce.

Shamash da Zababa, ubangijin Kish, su tsawaita kwanakinki. Mu lafiya muke. An karanta mini saƙonki, na kuma sake karanta shi da kaina.

Zan amsa miki a jere. Game da rashin zuwana, aikin sarki ne ya riƙe ni, kuma ba a neman izini a wannan aiki. Game da ruwan iyayenmu, ban yi sakaci ba. Duk ranar ɓatan wata ina fita tsakar gidana in zuba ruwa a ƙasa, in ajiye gurasa da dabino, in kira su duka huɗun: Baba Ubarrum, Inna Humtani, Kaka, da Baffa. Na tambayi wani mai hidima a nan, mutum mai ilimi. Ya ce ƙasa ɗaya ce, ruwan da aka zuba a Kish da wanda aka zuba a Marusa gida ɗaya suke sauka, muddin magaji ne ya zuba kuma ya kira suna daidai. Saboda haka nauyin ya sauka daga kanki.

Game da kogi, ba zai dawo bana ba, kuma ba zai dawo baɗi ba. Ki karɓi wannan daga gare ni yadda yake.

Rijiyarki za ta kai wata biyu kafin ta gagari sha. Ahushina zai sake gangarowa bayan an sauke dabino. Na gaya masa ya bar miki jaki ɗaya. Ki ɗauki dutsen niƙa da tagullar Inna, ki rufe ƙofa ki taho. Akwai ɗaki a gidana, ƙofarsa daban da ta matata. Uwargijiya Nanaya ma ta iso nan, an ba ta wuri a gefen ɗakin Zababa. Inda ta zauna ke ma kina iya zama.

Kada ki yi gardama, Yaya. Ki gaida Lu-Utu. Alloli su kiyaye ki.

Allo na uku

Zuwa ga Ibni-Eya. A faɗa masa, kuma a ɗaga murya: in ji Narubtum.

Shamash ya raya ka. Nanaya kuwa tana wurinka, ka roƙe ta da kanka.

Ruwan da aka zuba a Kish zai iso Marusa? Kogi guda bai iya isowa daga can ba, sai ƙoƙonka? Ka gaida mini mai ilimin naka.

Ka ce ka kira su duka huɗun. Ɗan Ubarrum, mai igiyar awo, mai lissafin da ba ya kuskure, su biyar ne ƙarƙashin daɓen nan. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bayan an ɗauki mijina yaƙi bai dawo ba, na haihu a wannan ɗakin. Yarinyar ta yi kwana biyar. Inna ta sa ta a tulu, Baba ya haƙa kusurwar gabas ya ajiye ta. Kana makarantar rubutu a lokacin, an aika maka. Ka aiko mini da mayafi. Ban ce ka yi mugunta ba, mantawa ka yi. To wanda ya manta da ita ne zai shayar da ita daga Kish? Da wane suna za ka kira ta? Ba a yi mata bikin suna ba. Ni kaɗai na raɗa mata a kunne, ni kaɗai nake kira.

Rijiya ba ta kai wata biyun naka ba. Yanzu sai tafkin da ya rage a tsohon mashigi, tafiyar rabin yini. Ina fita da sassafe in dawo da tulu ɗaya, in tace da tsumma, in bar shi ya kwanta. Ba na jiran ɓatan wata kuma. Zafin nan in ya kama ni a sama, ina su da ke cikin ƙasa? Kullum nake ba su.

Gida bakwai suka rage a gari. Kafin sauran su tafi sun sami mai laifinsu. Aka ce majemin bakin kasuwa ya taɓa shiga harabar Uwargijiya da warin fata a hannunsa. Suka kore shi da matarsa da uwarsa makauniya zuwa daji, ba ko salka. An ga ungulu wajen kwana na uku. Kogin bai dawo ba.

Ruwa ba ya tsami banza, Ibni-Eya. Masu duba da hantarsu ba su iya cewa bana ko baɗi ba, kai ka iya. Na tsare Ahushina yana shayar da jakunansa na tambaye shi me ya gani a hanya. Ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce, "Uwar gida, ni jaki na sani." Na ce ya faɗi ko in kwance masa kaya. Ya ce, "To ni dai fushin allolin da na gani a bakin reshenku, da damman kara da kwalta aka gina shi. Har da masu gadi."

Ka faɗa mini ƙarya yake. Ka zauna lafiya in za ka iya.

Allo na huɗu

Zuwa ga Yaya Narubtum. Lu-Utu, ka karanta mata wannan ku biyu kawai, sannan ka jiƙa allon ka murƙushe.

Alloli su raya ki. Ahushina bai yi ƙarya ba.

Garuruwan kudu da ke ƙasa da ku sun yi wa sarki tawaye. Aka yanke shawara a fada cewa datse ruwa ya fi aika mayaƙa sauƙi. Aka gina madatsa sau biyu, sau biyu kogi yana cinye ta, domin waɗanda suka zaɓi wurin ba su san ƙasan ba. Aka tara mu ma'auna aka ce wa ya san bakin reshen. Na ce na sani.

Kin tuna inda Baba yake kai ni kamun kifi, inda ƙasan kogin ke da tauri, yana cewa in taka nan ba zan nutse ba? Nan na nuna musu. Madatsa ta uku ta tsaya. Tsawonta kamu ɗari biyu da goma, ni na auna.

Na gaya wa kaina wata uku ne, 'yan tawaye su miƙa wuya a buɗe. Sun miƙa wuya. Amma gonakin arewa sun sha ruwan da ba su taɓa sha ba, sha'ir ya yi ninki biyu, kuma gonakin na manya ne. Ba wanda ke maganar buɗewa. Wanda ya taɓa madatsar, a kanta za a tsire shi, haka aka yi shela.

Ba wani abin bauta da ya yi fushi da Marusa. Majemin bai yi komai ba. Ina jin sunansa Ilum-pi. Ya taɓa ɗinka mini takalmi.

Game da yarinyar ba ni da abin cewa. Na manta.

Ga abin da zan iya. Ni ne magaji, kuma na ba da izini a buɗe daɓen. An taɓa yi, ba haramun ba ne in gari ya tashi. Na aiko da kwanduna biyar da farin ƙyalle da man riɗi na shafawa. Ki kwashe su duka biyar ki taho da su. Na riga na haƙa musu wuri a ɗakin bayana, na sa maginin tukwane ya yi sabon bututu. Ki zo ki zage ni a gabansu, zan tsaya in ji. Ki dai zo.

Ƙanenki ne, ko kin so ko kin ƙi.

Allo na biyar

Zuwa ga Ibni-Eya, in ji yayarsa Narubtum.

Shamash ya raya ka. Da gaske nake, ya raya ka ka daɗe.

Ba zan zage ka ba. Na nemi zagin da ya kai, ban samu ba, kuma magana tana busar da baki.

Mun buɗe daɓen, ni da Ahushina, Lu-Utu yana zaune yana ba da umarnin da ba a tambaye shi ba. Mun sami Baba yadda aka kwantar da shi, da ƙoƙonsa kusa da kai. Inna da 'yan kunnenta. Kaka da Baffa sun ɗan cakuɗe, na raba su iya ganina. In ka ga Baffa da haƙarƙarin da ya yi masa yawa, dama a raye ma haka yake da kayan Kaka. Na shafa musu mai, na naɗe su. Ahushina yana ta roƙonsu gafara, yana cewa, "Iyayengiji, ku yi haƙuri da jakin hagu, yana da tuntuɓe."

Sai muka zo kusurwar gabas.

Gishirin da ya hau gonaki ya hau nan ma. Tulun ya ruɓe, ina taɓa shi ya zube kamar busasshiyar gurasa. A ciki ba komai. Ƙashin jaririn kwana biyar ba ƙashi ba ne, ƙanena. Na tankaɗe ƙasar da rariya har rana ta karkata. Na sami ɗan dutsen ado shuɗi guda ɗaya da Inna ta ɗaura mata a hannu. Shi ke nan.

Ahushina ya ce, "Uwar gida, ki ɗebi ƙasar mana, ai ita ce." Na ce wace ƙasar? Daga ina zuwa ina? In na ɗebi wannan tafin na bar wancan, wanne na bari, hannunta ko kanta? Ta shiga ƙasar ɗakin nan gaba ɗaya. Ba ta ɗaukuwa.

Ga kwanduna huɗu nan tafe. Naka ne, kai ne magajinsu, ka kuma iya sunayensu. Baba ruwan sanyi yake so, ka sa tulun a inuwa tun da dare. Na biyar na riƙe, ina tara kara a ciki.

Yanzu ruwan ya fi isa, mu biyu ne kawai. Ita ba ta san kowa a can ƙasa ba sai kakanninta, ga shi na kwashe mata su. In ni ma na tafi, wa za ta ji yana kiranta? An ce wanda ba shi da mai zuba masa ruwa, laka yake ci, ya sha abin da ya taru a sawun ƙafa. Kwana biyar na shayar da ita da nonona. Ba zan bar ta ga sawun ƙafa ba.

Kada ka sake aiko jaki. Ka gaida yaranka, ka koya musu sunayen. Ka gaida matarka, wannan karon ba da wata manufa ba.

Allo na shida

Zuwa ga Ibni-Eya ɗan Ubarrum, daga Lu-Utu magatakarda, wanda ya fara kama hannunka a kan laka. Wannan ba mai faɗa, ni nake rubutawa da bakina.

Shamash ya ba ka ƙarfin zuciya.

Allunanka biyu na baya sun iso, na karanta mata duka. Na farko, inda ka ce za ka zo da kanka in an ba ka izini, ta ce, "Ba za a ba shi ba." Na biyu, inda ka ce ba a ba ka ba, ta ɗauki tulunta ta nufi tafki.

Tafkin mashigi ya koma taɓo. Muna haƙa rami a gefensa mu jira ya tsatso. Wanda ya yi sa'a yana samun rabin tulu. Ban da nata, gida biyu suka rage, nawa da na wani makiyayi da ke jiran akuyarsa ta haihu. Na lura leɓunanta sun tsage, tana tafiya tana dafa bango. Na bi ta gida wata rana da hantsi na tarar da ita a durƙushe a bakin bututu. Na ce, "Narubtum, nawa kika sha, nawa kika zuba?"

Ta ce, "Tsoho, ka zo auna ruwa ne kai ma? Ma'auni ɗaya ya ishi gidan nan."

Na ce matacce yana iya haƙurin kwana ɗaya, mai rai ba ya iyawa. Ta ce, "Ka taɓa mutuwa ne?" Na ce ina dab. Ta yi dariya har ta yi tari. Na ba ta daga nawa, ta karɓa ta gode. Ina jin ban kai ƙofa ba ta juye shi a bututun.

Kwana shida da suka wuce ba ta fito zuwa tafki ba. Mun same ta a ɗakin baya ta riga ta cika, kanta a kusurwar gabas, ƙoƙon a kife a bakin bututu. Ƙasar wurin tana da ɗan danshi.

Ni da makiyayin muka sa ta a ramin da aka fitar da ubanku, tun da a buɗe yake, kuma ba mu da ƙarfin haƙa wani. Na sa mata dutsen adon a hannu. Na zuba musu rabin ƙoƙo, ban iya fiye da haka ba. Gobe za mu bi Ahushina, ya ce wannan ce gangarowarsa ta ƙarshe, ba abin da jaki zai sha a hanya kuma. Ni a garin Isin zan tsaya wurin 'yata.

Tun kafin ta kwanta ta sa na yi alkawarin rubuta maka abu ɗaya in ta riga ni. Sunan yarinyar Lamassi. Ta ce kada ka ja ƙarshensa, a taƙaice take kiranta.

Yanzu su biyu ne a Marusa, kuma ba kowa a sama. Ba ni da shawarar da zan ba ka. Ka zauna lafiya.

Allo na ƙarshe

Zuwa ga Yaya Narubtum. Duk mai iya karatu a can ƙasa, ya taimaka ya faɗa mata ga abin da ƙanenta ya ce.

Ina gaishe ki, ina gaida Lamassi.

Yau ɓatan wata. Na zo duba madatsa kamar yadda aikina yake, na aika masu gadi ɗaya ƙarshen su ƙirga damman kara. Na zare dami uku a inda Baba yake cewa in taka. Ƙofar da na buɗe ba ta fi kamu ɗaya ba. Ruwan yana da sanyi, daga ƙasan kogi yake fitowa. Na kira sunayenku, ban ja ƙarshen nata ba.

Na yi lissafi. Kafin su gani su toshe, zai yi tafiyar yini biyu a busasshen reshe, yashi ya shanye shi. Marusa tafiyar yini shida ce. Kin yi gaskiya, ba ya isowa.

Wata mai zuwa zan zare biyar. In ba ki ji ni ba a wanda ke bayansa, to ina hanya, ki ajiye mini wuri kusa da bututu.

Ban gasa wannan allo ba. Zan sa shi a bakin ruwan ya tafi da shi iya inda ya kai.